Taku Arba'in a Gindin Durumi

A Yelwa ta wancan lokacin, babban mutum ba ya gudu sai da dalili. Ko dai gobara ta tashi, ko kwale-kwale ya kife, ko kuwa biyo shi aka yi. To ga ni nan, malamin firamare, da ɗan gemuna, da matata ta aure, amma kullum aka sallame sallar asuba sai in zura gajeren wando in kama hanyar bakin gulbi ina haki, ba tare da kowa ya kore ni ba. Farkon dawowata garin na sha tambaya. Tsofaffin da ke fitowa daga masallaci su ja su tsaya su ce, "Malam, lahiya?" In amsa musu ina wucewa, su kuma su waiga bayana don su ga abin da ya koro ni. Akwai ranar da wani mai shayi ya bar tukunyarsa a kan wuta ya rufa mini baya da guntun itace a hannu. Sai da muka kusa kasuwar kifi ya samu numfashin tambayata wa muke bi. Na ce masa ba kowa. Kallon da ya yi mini ranar har yau ban gama yafe masa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a kira abin nan wasa. Ni ba wasa nake yi ba. Tun ina kwalejin horon malamai na gane Allah bai ba ni tsawo ba, bai ba ni murya ba, amma ya ba ni ƙafa da numfashi, kuma na riƙe su da gaske. Ina da agogon hannu mai lambobi wanda ba na ɗaurawa sai zan yi gudu. Ina da takalmin kambas fari da nake wankewa da kaina, ban yarda ko matata ta taɓa shi ba. Na san gangaren da ke cin gwiwa a garin nan, na san hawan da ke cin ƙirji. Ranar da zan yi dogon gudu, ko fura aka dama da nono mai kyau sai in kawar da kai, ina ji ana shanyewa.

Sau uku ina zuwa Sakkwato neman a zaɓe ni cikin 'yan gudun jiha, lokacin muna jiha ɗaya da su. Sau uku ina dawowa da gajiyar mota kawai. Mutum uku ake ɗauka, ni kuwa na huɗu nake zuwa. Na huɗu shi ne wanda ake dafa wa kafaɗa a ce ya yi ƙoƙari, sannan a nuna masa hanyar tasha. Akwai wasu dogaye daga wajen Gusau da ba su taɓa bari na ga komai nasu ba sai ƙeya. Saboda haka ranar da aka ce an yanke mu an ba mu jihar Kebbi, kowa da irin murnarsa. Wasu na hangen muƙamai, wasu na cewa yanzu za a gyara hanya. Ni kuwa abin da ya fara faɗo mini shi ne, alhamdu lillahi, dogayen Gusau sun zama matsalar wasu. Na kusa shekara talatin a lokacin, kuma gwiwata ta hagu ta fara yi mini magana da safe. Na san in ban shiga ba a wannan karon, to na gama.

Ba a daɗe ba jami'in wasanni ya tara mu a wani aji na makarantarmu. Ya ce sabuwar jiha na son ta haɗa 'yan gudunta. Za a yi tseren kilomita biyar a kan titi a nan Yelwa, 'yan gudun Yauri da Ngaski da Shanga gaba ɗaya, kuma mutum biyu na farko su ne za su tafi Birnin Kebbi. Ya ɗauki alli ya zana hanyar a allo. Daga ƙofar makaranta a bi babban titi, a wuce tasha, a gangara bakin gulbi, a bi ta inda jirage ke tsayawa, sannan a hauro a ƙare a gaban sakatariya. Ina bin allin da ido har ya kai wata 'yar kwana a bakin ruwa, sai na dafe kai. A wannan kwanar akwai wani babban durumi, kuma a gindin durumin nan surukina yake zama kowace safiya yana gyaran komarsa ta kamun kifi.

Sai na faɗi wane ne surukina, in ba haka ba za a ɗauka tsoro ne kawai. Masunci ne, cikin mutanen da ruwa ya cinye tsibirinsu lokacin da aka datse gulbi, suka dawo tudu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, maganarsa ba ta da yawa. 'Yarsa ta fari nake aure, shekara ɗaya da rabi a lokacin. Akwai 'ya'yan masunta masu jirgin inji da suka neme ta, amma ya ba malamin makaranta wanda ko filafilin tuƙi bai iya riƙewa ba. Bai taɓa faɗin dalili ba. Ina son mutumin nan ƙwarai, kuma ina jin kunyarsa fiye da ta mahaifina.

Ga yadda gaisuwarmu take. Saura kamar taku ashirin in kai durumin sai in tuɓe takalmi in bar su nan. In taka a hankali, in durƙusa a gefen tabarma, idona a ƙasa. In ce ina kwana, ya amsa. Ina gajiya, ya amsa. Shi kuma ya ɗauka: gida, aiki, yaran makaranta, mutanenmu na can, sai ya zaga ya dawo kan gajiya. Duk wannan idonsa na kan koma, hannunsa bai daina ɗinki ba. Bai taɓa kama sunana ba. In yana da saƙo gare ni, ko ina durƙushe a gabansa, amininsa yake faɗa wa, wani tsoho mai sassaƙa filafili da suke zama tare, shi kuma tsohon ya juyo ya maimaita mini kamar daga wani gari saƙon ya zo. Ban taɓa shan ruwa a gabansa ba. Ban taɓa zuwa wurinsa babu hula ba. Gwiwata kuwa, na tabbatar wa kaina bai san launinta ba, don da gangan na tsara hanyar atisayena: kafin in kai durumi sai in ratse ta bayan inda mata ke bandar kifi, in bi gaɓar ruwa, in dawo gida tun kafin rana ta fito ya shimfiɗa tabarma.

Yanzu ga alli yana cewa in bi ta gabansa da hantsi, da singileti, da wandon da bai kai rabin cinya ba, da takalmi a ƙafa, in wuce fuu ban ce uffan ba.

Da aka tashi taro na samu jami'in wasanni. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce kwanar nan akwai yashi, kar wani ya ji ciwo. Ya ce da babur ɗinsa ya auna hanyar, ba komai. Da na ga ba zai gane ba na faɗa masa gaskiya. Ya ajiye alli ya yi dariya har da riƙe tebur.

"Malam," ya ce, "in na ce sai na kauce ma surukin kowa, to sai dai a yi tseren ga cikin gulbi."

Ban yi dariya ba. Na koma gida na kai ƙara wurin matata, ita ma ta yi abin da ya yi, har muciya ta faɗi daga hannunta.

"Ka yi gudun da babbar riga mana, Malam," ta ce. "Ka aza hula. In ka kawo wurin Baba ka tuɓe takalmi ka riƙe, ka wuce sannu."

Na ce mata wannan ba abin dariya ba ne, shekara goma nake jiran ranar nan. Da ta ga fuskata ta share hawayen dariya da bakin zane, muka zauna shawara. Ni ba zan iya yi wa Baba maganar ba. Ita ma, 'yar fari, ba ta iya tsayawa gabansa da zancen wandon mijinta. Sai dai ta faɗa wa Inna, mahaifiyarta, Inna kuma ta san yadda za ta yi. Dabarar da suka ƙulla ita ce: ƙanen Inna da ke noman albasa a wani tsibiri ya yi sabon kwale-kwale, ya kuma daɗe yana son Baba ya je ya duba masa shi. Inna za ta ce ranar Asabar da safe ya fi dacewa. Bayan kwana biyu amsa ta biyo hanyar da saƙon ya bi ta dawo. Baba ya ce to. Na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Asabar ta zo da ɗan sanyin ƙarshen damina, gulbi ya cika har gindin itatuwa. Mun fi mutum talatin a ƙofar makaranta, an maƙala mana lambobi a ƙirji. Yawanci 'yan sakandare ne. Na duba na ga mutum biyu ne kawai abin damuwata. Na farko wani manomi ne daga ƙauyukan tudu na ƙasar Ngaski, siriri, ba takalmi, ba magana. Na taɓa gudu da shi, na san ba a kama shi. Mutumin da ke hawa dutse da dami a ka, kwalta hutu ce a wurinsa. Na ba shi na ɗaya tun kafin a fara. Ɗayan kuwa wani malamin asibiti ne daga Shanga, dogo, mai surutu, mai mugun gudu a ƙarshen tsere. Wuri ɗaya ya rage, ni da shi.

"Malam na huɗu!" ya ce da ya gan ni, don ya san tarihina. "Yau ma rakiya ka zo?"

Na ce masa mu haɗu a sakatariya. Na sunkuya na ɗaure igiyar takalmina ƙulli biyu, yadda na saba.

An zuba toka a gicciye a kan titi, muka jeru a bayanta. Jami'in wasanni ya busa usur, wani mai babur ya shige gaba yana nuna hanya. 'Yan sakandare suka fita kamar an kwance awaki, kafin mu kai tasha rabinsu sun riƙe ciki suna tafiya. Mutumin Ngaski ya bi babur ya yi gaba abinsa. Ni dai na lafe a kafaɗar dogon Shanga. Shirina a fili yake a kaina: in bi shi har gangaren bakin gulbi, in wuce shi a nan, don dogon mutum ba ya son gangare, in buɗe tazara kafin hawan ƙarshe. In muka iso sakatariya tare, ya cinye ni.

Mutane sun fito bakin titi, wasu na tafi, wasu na tambayar juna abin da ya faru. Wata tsohuwa mai ƙosai ta dube mu da tausayi ta ce, "Sannunku, Allah shi kawo sauƙi." Jikina ranar yana mini biyayya yadda bai taɓa yi ba. Numfashi na tafiya daidai da ƙafa, gwiwar hagu ta yi shiru. Muna fara gangarawa na saki jiki na wuce shi. Na ji takunsa a bayana, sannan na ji yana nisa. Na duba agogo na ga lokacin da ban taɓa yi ba a wannan wurin. Wallahi a gangaren nan har na fara tunanin wace riga zan sa in shiga motar Birnin Kebbi.

Ƙamshin bandar kifi ya buge ni, na sha kwana, ga durumi. Ga kuma Baba a gindinsa.

Bai tafi tsibiri ba. Amma ba yadda na saba ganinsa yake zaune ba. Mutumin da kullum yake fuskantar hanya don ya ga mai wucewa, yau ya ja tabarmarsa ya juya wa titi baya, fuskarsa na kallon ruwa. Na san ƙeyar nan, na san hular, na san faɗin kafaɗar. Amininsa mai filafili ne kawai ke kallon titi.

Ko jaki ne ya ga wannan zaman ya san abin da ake nufi. Kaina ya gane sarai, ya ce mini an ba ka hanya, wuce. Amma ƙafafuna ba su halarci wannan shawarar ba. Shekara ɗaya da rabi suna tsayawa a wuri ɗaya, taku ashirin kafin durumi, da suka iso wurin kuwa sai suka rage gudu da kansu. Hannuna ya sauka kan igiyar takalmi, ya tarar da ƙulli biyu. Babu lokacin kwancewa. Sai kawai na tsinci kaina durƙushe a gefen titi, da takalmi, da lamba a ƙirji, gumi na ɗiga daga haɓata, gwiwoyin da na yi shekara da rabi ina ɓoyewa sun fito fili har kusa da kunnuwana.

"Baba," na ce, ina haki, "ina... kwana."

Hannunsa ya tsaya da ɗinki. Bai juyo ba. Sai ga takun dogon Shanga, fat, fat, fat, ya iso ya wuce ta bayana, har ya samu bakin cewa, "Malam, a gaishe min da shi!"

Baba ya ɗan karkata kai wajen amininsa. "Hwaɗa ma mutumin ga ban gan shi ba."

Tsohon ya juyo gare ni, fuskarsa ba alamar wasa. "Ya ce bai gan ka ba."

Duk mai hankali a nan zai tashi. Ni kuwa an fara gaisuwa, bakina bai san yadda ake barinta a rabi ba. Na ji kaina ina cewa, "Ina gajiya, Baba?"

A nan ne na ji muryar da ban taɓa sanin yana da ita ba, irin wadda masunta ke kiran juna da ita daga wannan gaɓa zuwa waccan.

"Ka ce mishi shi tashi! Dogon nan ya wuce!"

Tsohon ya buɗe baki ya ce, "Ya ce..." Ban tsaya jin sauran ba.

Sauran tseren ba da dabara na yi shi ba, da haushi na yi shi. Haushin kaina, haushin jami'in wasanni da allinsa, haushin Inna da kwale-kwalen ƙanenta, da kunya wadda ta fi su duka zafi. Dogon Shanga ya ba ni tazarar da ta kai tsawon aji uku, ga hawa a gabanmu, ga cinyoyina sun yi tsami saboda durƙuson da na ɗora musu ana tsakiyar aiki. Na kafa ido a tsakiyar bayansa. Ƙirjina na zafi, bakina na ɗanɗanon ƙarfe, gwiwar hagu ta farka ta fara faɗin duk abin da ta tara. Na ce mata ta bari sai mun je gida.

Shi ma ya yi nasa kuskuren. Dariya ta ci masa numfashi. Na ga kafaɗunsa na girgiza a farkon hawan, kuma sau biyu yana waiwayowa ya ga ko har yanzu ina can ina tambayar lafiyar iyali. A waige na biyu fuskarsa ta canza. Na kamo shi daidai rumfar mai faci, muka jera kafaɗa da kafaɗa. Ga sakatariya can, ga mutane, ga layin toka. Ya buɗe dogayen ƙafafun nan nasa. Ni ban san abin da na buɗe ba. Na dai san muryar nan na cikin kunnena tana cewa shi tashi, na jefa ƙirjina gaba, na tsallake toka na kife a kan kwalta.

Aka yi ta gardama a kaina ina kwance. Wani ya ce dogo ne, wani ya ce malam ne. Mutumin Ngaski, wanda tuni ya iso har ya sha ruwa ya zauna a kan dakali daidai layin, shi aka tambaya. Ya nuna ni da haɓa. Jami'in wasanni ya rubuta na biyu. Dogon Shanga bai yi gardama ba, ya zo ya ɗaga ni yana haki yana dariya, kuma kafin in gama shan ruwa ya ba duk wanda ke wurin labari, har da kwaikwayon durƙuson. Shekaru bayan haka in ina gudu a gari sai in ji wani daga cikin rumfa ya ce, "Baba, ina kwana!"

Na isa gida da gwiwa a kurje, maimakon murna sai na hau matata da faɗa. Ba kun ce ya ce to ba? Wane irin to ne wannan?

Labarin ya riga ni isowa, har ta je wurin Inna ta dawo. Ta jiƙa tsumma a ruwan zafi ta zauna gabana.

"To ɗin ya ce," ta amsa. "Amma ka san Baba. Ya tambayi Inna mi ya sa taka son hidda shi gari ranar Asabar, ita da ba ta taɓa damuwa da jirgin ƙanenta ba. Sai ta hwaɗa mishi gaskiya."

Na ce to da ya ji gaskiya ai sai ya tafi, ya rufa mini asiri.

Ta danna tsumman a gwiwata har na yi ƙara. "Wane asiri? Malam, kai kaɗai ka ɗauka Baba bai san gwiwar ga ba. Gaɓar da kaka bi da asuba, ina kaka zaton shina ɗaga komarshi? Kullum shina cikin ruwa nan kusa da kai. In ya jiyo ka tahe sai shi juya jirgi shi ba ka baya har ka wuce. Ranar da ba ka hito ba kuwa, sai shi dawo gida shi ce ma Inna a bincika ko lahiya gidan yarinyar nan."

Na tuna duk safiyoyin da na ratse ta bayan masu banda ina jin kaina mai wayo. Na tuna ɗan kwale-kwalen da nake gani a kan ruwa kafin gari ya gama wayewa, kullum mai shi ya ba ni baya, ban taɓa kawo komai a raina ba. Na tambaye ta, to duk da haka me ya hana shi tafiya tsibirin?

"Ya ce in ya ƙetare, wa za shi ba shi labari? Mutane na ƙara gishiri. Gara shi ji da kunnenshi."

Kunyar da na ji a gindin durumi ba komai ba ce a kan wadda ta kama ni a lokacin, sai dai wannan akwai daɗi a cikinta. Na ce mata ta ciro mini babbar rigata.

Bayan la'asar na tafi, da riga da hula, ina ɗingishi. Saura taku ashirin na tuɓe takalmi. Tabarma ta koma inda take, Baba na fuskantar hanya, koma a cinya, amininsa na kankare filafili. Durƙusawa a wannan yammacin sai da na cije leɓe. Na ce ina wuni, ya amsa. Ina gajiya, ya amsa. Ya ɗauka kamar kullum, gida, aiki, yaran makaranta, mutanenmu na can, bai tsallake ko ɗaya ba, bai kuma ƙara ko ɗaya ba. Har na fara shirin sallama sai ya yi gyaran murya, ya dubi amininsa.

"Anka ce yau an yi tsere cikin gari. Ni ban gani ba."

"Ba ka gani ba," in ji tsohon.

"Amma wani ya zubar da taku arba'in nan gindin iccen ga. Na san takun. Da takun ya ɗauke, na ci gaba da ƙidaya mishi har ya dawo. Arba'in."

Tsohon ya juyo. "Ya ce arba'in."

"Na ji, Baba," na ce, idona a ƙasa.

Ya ja zare ya ƙulla, ya datse shi da haƙori. "Tambaye shi, can Birnin Kebbi shina da wani suruki?"

"Ya ce kana da wani suruki can?"

"Babu, Baba."

"To madalla," ya ce. A karo na farko bai bi ta kan amininsa ba. Idonsa dai na kan koma, amma da ni yake. "Kar in ji an ce ka tsaya."

Na ce to. Na miƙe da ƙyar na koma inda na bar takalmana. Na daɗe ina laluben su da ƙafa, don idona ya cika da hawaye, ba na gani sosai.